Amsa ga mai neman ƙwayar Preludin don ta rage ƙiba

Wata 'yar'uwa ce ta turo min tambaya, tace tun haihuwarta ta uku jikinta ya buɗe, teɓa ta ƙi komawa, ga ci kuma ba ta iya riƙe bakinta musamman da daddare. Gwaggonta tsohuwar nas ce da ta yi karatu a Ingila a shekarun 1960, ita ta ba ta labarin wata ƙwaya mai suna Preludin da likitoci suke rubuta wa mata masu ƙiba a wancan lokacin, in kin sha da safe har dare abinci ba zai ba ki sha'awa ba. Shine take tambaya ko har yanzu ana samunta, in ba a samu me ya sa, kuma ko akwai wata mai kama da ita da zan iya faɗa mata.

Toh 'yar'uwa, da farko dai gwaggo gaskiya ta faɗa miki, Allah ya ƙara mata lafiya. Ƙwayar an yi ta, kuma tana kashe yunwa sosai ba wasa ba. Amma ni a matsayina na famasis bazan taɓa nuna miki hanyarta ba, kuma babu wani kemis mai lasisi da zaki shiga yau ya ɗauko miki ita a kanta. Duk wanda yace miki yana da Preludin a yau, ko dai ƙarya yake ko kuma wani abu ne daban ya zuba a kwalin wanda shi kansa bai san mene ne ba. Bari in yi miki bayanin dalili a tsanake, don na san in nace miki "haramun ce kawai ki bari" zaki je ki tambayi wani ne, shi kuma wanin ba lallai ya ji tsoron Allah a kanki ba.

Sunan maganin na asali phenmetrazine. Kamfanin Boehringer Ingelheim na Jamus ne ya samar da shi, suka yi masa rajista a 1952, ya shiga kasuwar Turai a 1954 da sunan Preludin. Abinda ya sa suka neme shi tun farko shine akwai babban yayansa da ya riga shi fitowa, wato amfetamin, wanda a Amurka ake sayarwa da sunan Benzedrine da Dexedrine. Shi amfetamin ba don ƙiba aka fara kawo shi ba, a shekarun 1930 abin shaƙa ne na toshewar hanci, daga baya aka mai da shi ƙwaya ana ba masu cutar yawan barci da masu damuwa, sai likitoci suka lura duk wanda suka ɗora a kai yana ramewa. A yaƙin duniya na biyu sojoji sun sha shi sun more don kar su yi barci, Ingila da Amurka suna ba nasu Benzedrine, Jamus na ba nata Pervitin wanda shi methamphetamine ne, wato dai wannan ais ɗin da NDLEA ke kama samari da shi yanzu. Bayan yaƙi sai kasuwar ta koma kan matan gida masu son rage jiki. Da aka fara ganin mutane suna kamuwa da shi sun kasa bari, wasu suna taɓuwa, sai kamfanoni suka shiga neman wanda zai kashe yunwa amma bai da wannan matsalar. Da wannan alƙawarin aka tallata Preludin. Alƙawarin bai cika ba, kuma in kin fahimci yadda yake aiki a jiki zaki ga dama ba zai cika ba.

Kin san yadda jikinki yake yi in aka firgita ki, misali cikin dare ki ji an buga ƙofa da ƙarfi ko aka ce yaronki ya faɗi a makaranta? Zuciya ta hau dukan uku-uku, baki ya bushe, ido ya buɗe tar, barci ya gudu, kuma ko an ajiye miki dambun nama a gabanki a lokacin ba zaki iya kai loma ba. Wani sinadari ne jiki ke saki mai suna noradrenaline, shi ke ce wa jiki yanzu ba lokacin ci bane lokacin gudu ne ko faɗa. Abinda Preludin da amfetamin suke yi kenan, suna tilasta wa jijiyoyin ƙwaƙwalwa su zubo da wannan sinadarin ba tare da wani abin tsoro ya faru ba, su riƙe ki a wannan halin awa da awanni. Rashin jin yunwar da gwaggo ta ba ki labari daga nan yake fitowa. Kinga kenan babu yadda za a yi a ba ki rashin yunwar a cire miki bugun zuciyar da hawan jinin da rashin barcin, tunda duk abu ɗaya ne ke kawo su.

Sannan akwai na biyu, dopamine, wanda shi ne ke sa mutum ya ji daɗi ya ji yana son ya ƙara. Wannan ne ya fi ba ni tsoro wallahi. Satin farko mace zata ji ta zama wata sabuwa, ta tashi da asuba ta share gida ta wanke bayi ta yi wankin da ya taru ta goge, surutu ya ƙaru, ta ji ba abinda ya gagare ta, ga sikeli yana sauka, mutane suna cewa kai wance kin yi kyau me kike sha. Wa zai ce mata ta bari a wannan lokacin ta ji? Amma jiki yana sabawa da sauri, cikin 'yan makonni ƙwaya ɗaya ta daina riƙe yunwar kamar da, sai ta koma biyu. Barci ya lalace sai ta nemi maganin barci da daddare, da safe ta tashi jiki a mace sai ta nemi ƙwayar ta tashe ta. Ranar da ƙwayar ta ƙare kuwa sai ta kwanta kamar gawa, ta yi barcin da ba ta san inda kanta yake ba, ta tashi da wata irin yunwa da baƙin ciki mara dalili, kuka na zuwa mata haka kawai, yara in sun yi motsi kaɗan ta hau su da faɗa. Ƙwayar ba ƙarfi take ba ki ba, bulala ce ake zuba wa jakin da ya gaji, zai yi sauri na ɗan lokaci amma inda zai faɗi ya fi inda ya tsaya muni. Kuma ƙibar da aka gudu tana dawowa, sau da yawa har da ƙari, domin abinda ya sauka ba kitse ne zalla ba, akwai ruwa akwai tsoka, shi kuma abinda ke dawowa yawanci kitse ne.

Ƙasar da ta fi shan wahalar Preludin ita ce Suwidin. Can mutane suka gano suna iya daka ƙwayar su narka ta a ruwa su yi allurarta a jijiya, abin ya bazu a Stockholm babban birninsu tsakanin matasa da masu shiga gidan yari suna fita. A 1959 gwamnatinsu ta saka shi cikin jerin miyagun ƙwayoyi, a 1965 aka cire shi daga kasuwa gaba ɗaya, amma fasa-ƙwaurinsa daga wasu ƙasashen Turai bai tsaya ba. Har gwaji suka yi daga 1965 zuwa 1967 na barin wasu likitoci su dinga rubuta wa waɗanda suka kamu irin waɗannan ƙwayoyin a hukumance, da tunanin hakan zai rage sata da kasuwar bayan fage, sai ƙwayoyin suka dinga zurarewa zuwa hannun wasu, aka rufe shirin. Wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Nils Bejerot shi ya dinga duba hannun waɗanda 'yan sanda suka kama a Stockholm yana ƙirga masu tabon allura, da haka ya nuna yadda abin ke yaɗuwa daga mutum zuwa abokinsa. A 1971 aka yi yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya a Vienna kan magungunan da ke juya ƙwaƙwalwa, phenmetrazine da amfetamin duk suna cikin waɗanda aka ɗaure da tsauraran sharuɗɗa.

Taɓuwar da yake kawowa ma ba irin wadda mutane suke zato bace. Mutum yana nan da kayansa tsaf yana magana daidai, amma ya fara zargin maƙwabta suna leƙensa, ya ce ana maganarsa a bayan taga, ya ji kamar ƙwari na tafiya a ƙarƙashin fatarsa ya dinga susa har ya ji wa kansa ciwo. In a nan ne da yawa cewa za a yi aljanu ne ko an yi mata asiri, a yi ta yawon neman magani ba wanda ya kawo ƙwayar rage ƙiba a ransa.

Abin takaicin ma, duk wannan kasadar a kan riba kaɗan ce. A farkon shekarun 1970 hukumar FDA mai kula da magunguna ta Amurka ta tattara gwaje-gwajen da aka yi kan ƙwayoyin kashe yunwa ta duba, ta tarar bambancin wanda ya sha ƙwayar da wanda aka ba ƙwayar bogi, alhali duk suna kiyaye abinci, bai kai rabin kilo a sati ba, kuma mafi yawansa a makonnin farko ne.

Kin tambaya ko akwai mai kama da ita. An yi su da yawa, kuma kusan duk labarinsu ɗaya. Aminorex ya fito a Suwizalan da Jamus da Ostiriya a tsakiyar shekarun 1960, sai asibitoci suka fara ganin mata matasa da wata cuta da a da da ƙyar ake ganinta, hawan jini na jijiyoyin huhu, mace ta hau bene hawa ɗaya tana haki, zuciyar dama ta kumbura ta gaza, da yawa sun mutu kafin a janye shi. A shekarun 1990 Amurka ta rikice da haɗin da suke kira fen-phen, wato fenfluramine da phentermine. Shi fenfluramine ta hanyar wani sinadarin ƙwaƙwalwa daban mai suna serotonin yake bi, ba ya sa rawar jiki kamar amfetamin, shi ya sa aka ɗauka an huta. A watan Yulin 1997 likitocin asibitin Mayo Clinic na Amurka suka fitar da rahoton mata 24 da ƙofofin zuciyarsu suka yi kauri suka daina rufuwa da kyau, watan Satumba aka janye fenfluramine, kamfanin ya biya diyyar biliyoyin dala, wasu matan sai da aka tsaga ƙirjinsu aka canja musu ƙofar zuciya. A Faransa ɗan uwansa mai suna Mediator ya ci gaba da yawo da sunan maganin masu ciwon suga alhali ana rubuta shi don rage ƙiba, har 2009, sai da wata likitar huhu a garin Brest mai suna Irène Frachon ta tsaya kai da fata kafin a cire shi, kuma ƙiyasin waɗanda ya kashe ya fara ne daga 500 zuwa sama. Na ƙarshensu da ya yi suna shine sibutramine, Reductil ko Meridia, an janye shi a 2010 bayan wani babban gwaji na mutum kusan 10,000 ya nuna yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ga masu matsalar zuciya dama.

Wannan na ƙarshen ki riƙe sunansa, don shi ne ya shafe mu kai tsaye. An cire shi daga kemis amma ba a daina haɗa shi a ɓoye ba, kuma hukumomin magunguna a ƙasashe da dama sun sha gwada shayin rage tumbi da kofin rage ƙiba da kafso masu hoton ganye a kwali su tarar da sibutramine a ciki, ba a rubuta ba, wani lokacin ma fiye da adadin da likita yake bayarwa a da. Irin kayan nan ne suka cika WhatsApp da Instagram da TikTok, ana ce miki na gargajiya ne zalla ba shi da illa.

Akwai wata baiwar Allah da ta shigo wurin aikina neman maganin barci, tace kwana da kwanaki ba ta runtsa ba. Tana magana tana lasar leɓe don bakinta ya bushe, da ta miƙo kuɗi na ga yatsunta na rawa. Nace Hajiya zauna in gwada jininki, na ɗaura mata abin awo, jini ya hau sosai ga zuciya na gudu sama da 110 a minti alhali a zaune take, kuma tace ita ba ta taɓa hawan jini ba ko da ciki. Na tambaye ta me take sha tace ba komai, sai da na ce har da na gyaran jiki da shayi da komai, sannan ta buɗe jaka ta ciro wata 'yar roba fara, kafso kore da fari a ciki, ba sunan kamfani ba lambar NAFDAC ba ranar lalacewa, sai wata 'yar takarda da aka liƙa da hannu an rubuta ɗaya da safe kafin karin kumallo. A wurin wata mai sayar da kayan mata ta saya ta waya. Abinda ya fi damuna shine da nace ta daina, tambayar da ta fara yi min ita ce to ƙibar zata dawo? Ban ba ta maganin barcin ba, asibiti na tura ta da robar a hannunta.

Don haka ga ma'aunin da nake ba kowa. Duk abinda kika sha don rage jiki kika ji yunwa ta ɗauke ɗif, baki na bushewa, zuciya na bugawa, barci ya ƙaurace, kina jin wani ƙarfi da ba naki ba, to akwai sinadari mai zaburarwa a ciki ko me aka rubuta a kwalin. Zogale da citta da lemon tsami ba sa yin haka. Lambar NAFDAC ma ana buga ta bogi, saboda haka ganinta kaɗai bai isa ba, rashinta kuwa ya isa ki ajiye.

Don in yi adalci, ba duka dangin aka binne ba. A Amurka har yanzu likita na iya rubuta phentermine, wanda aka amince da shi tun 1959, na 'yan makonni kawai, bayan an duba zuciya da jini, kuma ba a ba mai hawan jinin da bai daidaita ba ko mai ciwon zuciya ko mai ciki ko mai shayarwa ko wanda ya taɓa shaye-shaye. Akwai kuma phendimetrazine wanda in ya shiga jiki wani kasonsa ke juyewa ya zama phenmetrazine ɗin nan dai a hankali. Shi kansa amfetamin ana amfani da shi ga yara da manya masu matsalar rashin nutsuwa da ake kira ADHD da masu cutar yawan barci, da awo, ƙarƙashin likita. Wannan daban ne da mace ta sayi abu a roba ta dinga haɗiya ba wanda ya taɓa ɗaura mata abin awon jini.

Magungunan ƙiba na yanzu da ba su bi ta wannan hanyar ba akwai su. Orlistat a hanji yake tsayawa ya hana wani kaso na man da kika ci shiga jiki, illarsa in kin ci mai da yawa bayan gida zai zo da maiƙo ba shiri. Sai allurar semaglutide da kike jin ana cewa Ozempic ko Wegovy, tana kwaikwayon wani sinadarin hanji ne da ke gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi, a gwaji mutane sun rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu a shekara ɗaya da 'yan watanni. Tana da tsada sosai, tana sa tashin zuciya da amai, in an daina nauyin na dawowa, kuma WHO ta yi gargaɗi a 2024 cewa akwai ta jabu a kasuwa. Likita ne zai ce ta dace da ke ko a'a, kuma ba a yi wa mai ciki ko mai neman ciki.

Ke yanzu abinda nake so ki fara yi, in kina shayarwa ki ajiye maganar kowace ƙwaya gefe tukuna, waɗannan abubuwan suna bi ta nono su shiga jikin yaro. Ki je asibiti a auna nauyinki da tsawonki a lissafa, a gwada jini da suga, in da hali a duba maƙoƙo don wani lokacin bayan haihuwa yakan yi sanyi ya sa ƙiba da kasala. Ki gaya wa likita duk abinda kike sha, allurar tsarin iyali ta wata uku tana sa wasu mata ƙiba, haka magungunan sha-ka-fashe da wasu ke sha tun suna 'yan mata don su ciko, da wasu magungunan damuwa da na farfaɗiya. Cin dare da kika ce yana damunki kuma ki duba yinin naki, yawancin matan da ke gaya min haka ba sa karyawa da safe sai shayi mai suga cokali uku da burodi, rana ta wuce a hidimar yara, dare ya yi yunwa ta taso gaba ɗaya a zauna gaban tuwo malmala biyu a bi da lemo. Ki mayar da nauyin abincin safe da rana, ƙwai ko wake ko ƙosai ko alala, ganye da yawa a miya, malmala ɗaya da daddare kuma da wuri. Lemon kwalba ƙarami ɗaya akwai suga wajen cokalin shayi 8 zuwa 9 a ciki, barinsa kaɗai yana nunawa a sikeli. Tafiya ta minti 30 a yawancin kwanakin sati, ko a tsakar gida ne. Rabin kilo a sati ya isa, kuma rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinki kawai yana sauko da jini da suga yana sauƙaƙa wa gwiwa.

In kuma kin riga kin fara shan wani abu ba ki faɗa min ba, don na san ana yin haka, kar ki ji kunya, ki ɗauki kwalin ko robar ki kai wa likita ko famasis ya gani. In kin daɗe a kai ki sa ran kwanakin farko bayan dainawa zaki ji kasala da yawan barci da ƙunci, ki gaya wa maigida ko wata 'yar'uwa ta kusa su san halin da kike ciki, in ƙuncin ya kai kina tunanin cutar da kanki a koma asibiti a ranar. Ciwon ƙirji, numfashi sama-sama, kumburin ƙafa, ciwon kai mai tsanani da ya zo farat ɗaya, karkacewar baki ko mutuwar hannu ɗaya, waɗannan ba a jira gari ya waye, sashen gaggawa za a nufa kai tsaye, kuma a tafi da robar maganin.